Malama Tak, Bakin Uwayen Kasuwar Kifi

Kafin masu kifi su gama zazzage kwandunansu a kasuwar bakin teku ta Gunsan, Malama Tak Sun-rye ta riga ta kama hanyar bene. Hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗayan riƙe da butar shayi, tana hawa tana yi wa gwiwoyinta faɗa ƙasa-ƙasa kamar 'ya'yan da suka ƙi jin magana. In ta kai sama sai ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta buɗe taga ƙarnin kifin jiya ya fita na yau ya shigo, ta kunna na'urar ɗumama daɓe, ta ɗora shayin sha'ir a wuta, ta jera matasan zama a ƙasa. Allon da take rubutu a kai ƙofar wani mataccen firji ce da ta jingina da bango. Haka ta yi kowace safiya ban da Lahadi, tun gashinta yana baƙi har ya koma kamar auduga. Watan jiya ta ajiye aikin, kuma in ban da matan da take koyarwa, ba wanda ya ɗaga kai ya ce mata sannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma raina a ɓace na ɗauke shi.

Ɗalibanta ba yara ba ne. Tsofaffin mata ne masu tsagaggun hannuwa, masu sayar da busasshen kifi da gishiri da ganye a rumfunan ƙasa. Abu ɗaya ya haɗa su: kowacce tana da ɗa ko 'ya da aka sa a jirgin sama a shekarun wahala, aka kai ƙasar waje wasu suka raina. Yanzu 'ya'yan suna dawowa da furfura a kai suna neman wadda ta haife su, kuma ba abin da ke bakinsu sai Turanci. Uwa ta zauna, ɗa ya zauna, tebur a tsakani, kowa yana kallon bakin ɗan uwansa kamar kurame.

Malama Tak ba ta yi makarantar da ake alfahari da ita ba. Tun tana budurwa take gugar kakin sojan Amurka a wani shagon wanki da ke ƙofar bariki, a nan ta tsinci Turancinta, daga bakin masu kawo kaya da masu zuwa faɗa a kan maɓallin da ya ɓace. Mu mutanen unguwar nan mun san abin da muka riƙa cewa. Turancin bariki muka kira shi, muna taɓe baki, muna barin sauran maganar a ido. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa gidanta. Amma ranar da wata maƙwabciya ta tsaya a tsakiyar kasuwa da wani ƙaton saurayi da ya ce shi ɗanta ne, aka rasa mai faɗa mata abin da yake cewa, ƙofar mai gugar nan aka je aka ƙwanƙwasa. Daga nan ajin ya samo asali.

A ajinta ba ta kiran mace da sunan 'ya'yan da ta raina a gida, yadda kowa ke yi. Da sunan wanda ya tafi take kiranta. Akwai wadda ta fashe da kuka ranar farko don an ce mata Maman wane, sunan da rabonta da jin sa a bakin wani tun tana da jego.

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin ya san ba da gaisuwa take farawa ba. Da kalma ɗaya take farawa, ta rubuta ta da manyan baƙaƙe a ƙofar firjin: still.

"To ku faɗa in ji."

"Sutil," in ji ajin gaba ɗaya.

"Wace ce Sutil? Kishiyar wa ce... a'a, bari, ku sake. Ke Kum-ja, daina jan ta kamar kina jan igiyar jirgin ruwa. In kika ja ta, ta tashi daga har yanzu ta koma sata. So kike ki ce wa ɗanki kina satar sonsa?"

Kum-ja, mai rumfar gishiri, wadda dangin mijinta suka ba da ɗanta tana kwance asibiti, ta gyara zama ta ce, "To ai Malama mu aka yi wa satar. Bari in ja ta da kyau, ko ɓarawon zai ji."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kaiwa ciki.

Sai Malama ta bi kalmar da su lungu-lungu. In ta zauna a tsakiyar magana kafin aikatau, yawanci har yanzu take nufi: har yanzu ina jira, har yanzu ina nan. In ta fito a gaba, mai magana ya ɗan ja numfashi bayanta, to ta zama duk da haka, kuma abin da ke biye da ita ba mai daɗi ba ne. In ta zo a wutsiya bayan zama ko tsayuwa, cewa ake kada ka motsa. "Kuma kada ku saki jiki da ita don kun gan ta a tsakiya," take ce musu. "Wani lokaci a can ma da wuƙa a zaninta take zaune. Ku saurari kalmar, amma ku dubi fuskar mai faɗa."

Ba haka take koyar da ita da farko ba. Abin da ya faru da Bang Ok-bun ne ya sa.

Ok-bun mai busasshen kifi ce, doguwa, marar yawan magana. 'Yarta Mi-suk ba ta kai yaye ba aka tafi da ita Amurka, aka sa mata suna Colleen. Kowace shekara, ranar da ta haife ta, Ok-bun takan dafa miyar ganyen teku ta ranar haihuwa, ta zuba kwano biyu, ta sha ɗaya, ɗayan ya huce. Da labari ya zo cewa 'yar tana tafe, abu ɗaya ta roƙi Malama: ta koya mata yadda za ta ce har yanzu ina dafa miyarki. Malama ta koya mata. I still cook your soup. Ok-bun ta riƙa nanata shi tana ƙulla kifi a igiya, tana auna wa masu saye, har 'yan rumfar kusa suka haddace.

Ranar haɗuwa suka hau motar Seoul tare, zuwa ofishin ƙungiyar da ta tura yarinyar tun farko. A bakin ɗakin ganawa wani jami'i, Mista Pyo, matashi mai tsafta da ladabi, ya tare ƙofa.

"Kaka, ke ki jira a nan. Muna da namu tsarin, ni zan yi tafinta."

"Ni ba kakarka ba ce, malamarta ce."

"To Malama, ga kujera can."

Ta zauna a baranda da jakarta a cinya. Abin da ya faru a ciki, daga bakin uwar da na 'yar muka ji shi daga baya. Colleen mace ce da ta haura arba'in, ma'aikaciyar jinya, ta ƙetare teku da magana ɗaya da ta daɗe tana cin ta. Bayan an gaisa an yi kuka, ta dubi uwarta ido cikin ido ta ce, "I know you were poor. Still, you left me." Wato na san talauci ne ya same ki, amma duk da haka, barina kika yi.

Mista Pyo ya juya ga tsohuwar ya ce, "Ta ce ta san wahalar da kika sha, kuma har yanzu kina ranta."

Ita kuwa Ok-bun, a duk zubar Turancin nan kalma ɗaya kunnenta ya cafke, kalmarta, wadda ta kwana ta tashi da ita. Ga tafinta kuma ya tabbatar mata. Fuskarta ta washe, ta tafa hannu, ta yi dariya har da gyaɗa kai tana cewa still, still. Ku tsaya ku hango abin. Mace ta buɗe mikin da ta ɗauka tsawon rayuwarta ta ajiye a gaban uwarta, uwar ta tafa mata. Colleen ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta fita.

Malama Tak ta ga fitowarta, fuska kamar toka. Ta sha gabanta da Turancin nan nata mai kaushi, na masu kaki, wanda babu don Allah a cikinsa.

"Tsaya nan, 'yata. Me ya faru?"

"Na ce mata ta yar da ni. Dariya ta yi."

"Maimaita min yadda kika faɗa, kada ki tsallake komai."

Colleen ta maimaita. Malama ta ji kamar an ɗora mata dutsen guga a ƙirji. Ta kama hannun matar ta ce kada ta motsa daga wurin, ta tura ƙofar da aka hana ta shiga.

Mista Pyo bai musa ba. Ba rashin sani ba ne, Turancinsa ya fi nata gogewa nesa ba kusa ba. Da gangan ya yi, kuma yana ganin alheri ya yi.

"Malama, a ranar haɗuwa ba ma barin a tono tsohon ciwo. Dubi shekarunta. In zuciyarta ta buga a nan, wa zai ɗauka? Taimaka mata na yi."

"Tana jaririya kuka ɗauke ta, kuka ce taimako ne," in ji Malama, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Yau ta dawo da bakinta, kun ɗauke maganar, kun ce taimako ne. Yaushe za ku gaji da taimakon nan?"

Ta ja Ok-bun da hannu ɗaya, ta ja Colleen da ɗaya, ta fita da su zuwa wani ƙaramin shagon taliya a bayan layin. Ta zaunar da su fuska da fuska, ita ta zauna a gefe.

"Maman Mi-suk, dafa teburin nan da kyau. Abin da aka gaya miki ba shi ta faɗa ba. Kalmar da na koya miki tana da wata fuskar da ban nuna miki ba. Cewa ta yi ta san talauci ne, amma duk da haka kin bar ta."

Ok-bun ta ajiye tsinken cin abincin da ke hannunta. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta rawa.

"Gaya mata haka ne. Ni ba a ƙwace min ita ba, ba a yaudare ni ba. Ni na goya ta na kai ta. Da zan miƙa ta, ta riƙe wuyan rigata, ni na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya."

Saura Malama Tak ta fassara. Ita da kanta ta gaya min cewa a wannan numfashin ta fahimci yaron ofishin nan sarai. Ga hanya a buɗe, ba mai kama ta. Ta iya cewa uwarki ta ce ba yadda ta iya. Ta iya zubar da zancen yatsu a ƙasan tebur, ba wanda zai taɓa sani. Ta dubi Colleen, ta tuna cewa matar nan tun tana cikin zanin goyo ake yanke mata abin da ya kamata ta sani da wanda bai kamata ba. Sai ta faɗa duka, har yatsun.

Colleen ta kife kai a tebur. Da ta ɗago, tambaya ta shiga jerowa, masu zafi, waɗanda ba a yi wa uwa. Ok-bun tana amsawa, Malama tana kaiwa tana kawowa, ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage barkono ba, har taliyar ta kumbura a kwano, mai shagon ta kwashe. Can da magana ta lafa, Ok-bun ta goge hannu a cinya, ta gyara murya, ta faɗi jimlarta. Colleen ta tambaya wace miya ce. Malama ta yi mata bayani.

"Miya ba ta isa ba," in ji Colleen.

Malama ta fassara.

"Na sani," in ji Ok-bun.

Ba a rungumi juna ba a ranar. Wanda ke son labarin da ake ƙarewa da kiɗa sai ya nema a wani wuri. Amma kafin Colleen ta koma ta zo Gunsan, ta zauna a ƙasa a ɗakin uwarta, aka zuba mata miyar. Ta ce tana ƙarni kamar an ɗebo teku a kwano, kuma ta shanye. Shekarar da ta biyo ta sake zuwa. A zuwan nan ne 'yan kasuwa suka ga Ok-bun ta zaunar da ita a kan akwatin kifi tana taje mata gashi, ita kuwa tana ta juye-juye don matajin yana ja, sai tsohuwar ta ɗan ƙwanƙwashe ta a ka ta ce, "Sit still." Colleen ta yi dariya har hawaye, ta ce duk uwayen duniya ashe bakinsu ɗaya. Har yau suna waya, kuma har yau sukan yi faɗa su kashe wa juna waya. Ok-bun ta ce ita wannan faɗan ba ta musanya shi da komai.

Ke ce, Malama, kika ƙi zama labule tsakanin uwa da 'ya. Ke ce gadar da ba ta zaɓar wanda zai taka ta, mai daɗin labari ya wuce, mai ɗaci ya wuce. An raina bakinki, da bakin nan kika mayar wa mata 'ya'yansu, ba a hoto ba, a zahiri, da fushinsu da tambayoyinsu.

Kuma ba kullum abin ke ƙarewa da taje gashi ba. Da aka gano ɗan Kum-ja, a gaban Malama aka buga masa waya. Ya saurara, ya yi magana gajeriya, ya ajiye. Kum-ja tana kallon bakin Malama, ta riga ta shirya dariyarta. Malama ta ce, "Ya ce yana lafiya, yana da 'ya'ya biyu, kuma kada a sake nemansa." Ba ta ce yana tunani ba, ba ta ce a ba shi lokaci ba. Ta rufe ajin ranar, ta sauka ta zauna a rumfar gishiri ita ke auna wa masu saye, Kum-ja tana bayan buhuna. Washegari Kum-ja ta riga kowa zuwa aji. Da aka tambaye ta me za ta yi da Turanci kuma, sai ta ce, "Jikokin nan biyu ba su ce kada a neme su ba."

To ga abin da ya ƙona min rai. Bara aka yi biki a zauren gunduma don karrama masu haɗa iyalai. Aka hau mumbari, aka miƙa wa ƙungiyar nan allon yabo mai ruwan zinariya, aka tafa. Hoton da suka kafa a bango na Ok-bun ne da Colleen. In ka matsa kusa za ka ga gwiwar hannun wata a gefe, an yanke sauran jikin. Gwiwar hannun Malama Tak ce. Ko katin gayyata ba a aika mata ba, don wai ba ta da shaidar koyarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Waɗanda suka raba, su ne aka karrama da haɗawa.

Kada mu tsaya a kan ofis kaɗai, laifi tudu ne. Garin nan cike yake da makarantun Turanci, kowane bene da tasa, yaranmu suna fita daga wannan su faɗa waccan har idanunsu su yi ja. Muna da samari da 'yan mata masu Turanci kamar a can aka yanke musu cibi. A cikinsu wa ya taɓa hawa benen kasuwar kifi ya ce Malama kawo in kama miki? Ƙarni ne ya hana su, ko kunyar a gan su da matan da muka daɗe muna yi kamar ba mu san abin da ya same su ba?

Ba korar ta aka yi ba, kunne ne ya ci amanarta. Watan jiya tana fassara wata waya daga Ostiraliya, ta kasa tantance ko zan zo aka ce ko ba zan zo ba. Ta sa aka maimaita, ba ta ji ba. Uwar tana gefe tana jira. Malama ta ce mata, "Ban ji ba, kuma ba zan ƙaga miki ba." Aka nemo wani ɗan jikan mai shago ya saurara. Da safe ta tara ajin ta ce ta gama.

"Haba Malama, ai rabi ma ya ishe mu," in ji Kum-ja. "Sauran ki cike da hankalinki."

"Ranar da na fara cikewa da hankalina, na zama yaron ofishin nan. Ku bar ni in tafi da mutuncina."

Ranar sallama ba ɗan jarida, ba jami'i. Matan suka zo da ƙullin kifi da gishiri da tsimammen kabejin nan mai yaji, kimchi, suka jeru, suka yi mata babbar gaisuwa har goshi a ƙasa, gwiwoyi suna ƙara kamar ana karya itace. Ta ce su tashi kafin a kira motar asibiti. Ok-bun ce ta ƙi tashi, sai da aka ɗaga ta.

Mun gode, Malama Tak Sun-rye. Mun gode da gaskiyar da kika ɗauka a baki tana ƙona ki ba ki tofar ba. Mun gode a madadin matan da kika kira da sunan da aka binne musu, da 'ya'yan da suka zo da fushi suka samu wanda zai kai shi inda suka aike shi. Ki yafe wa garin da ya ci moriyarki yana taɓe baki. Allah ya saka miki, ya sa ki huta da lafiya.

Ku kuma masu Turanci a baki, ba a ce ku zama ita ba, ba za ku iya ba. Safiya ɗaya a mako ake nema, da kunne mai ji, da zuciyar da za ta faɗi abin da aka faɗa. Makon da ya wuce wata mai sayar da jatan lande ta shigo ajin, ta tarar da mata suna koya wa juna abin da suka tuna, rabi daidai rabi kuskure. Ta tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu ta ce an kira ta, ɗanta yana zuwa idan sanyi ya wuce itatuwa suka fara fure. Ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta sani ba. Sanyin kuwa ya fara ja da baya.